Safiya Uku a Bakin Tafki: Yadda Wani Sabon Mai Hoto Ya Gane Hasken Fitowar Rana

Hotuna 64 ɗan ƙanwata ya turo mini, da 'yar magana guda a ƙarƙashinsu: "Kawu, ina jin kyamarar nan ba ta da lafiya." Bai fi wata biyu da mallakarta ba. Irin ta masu fara koyo ce, mai ƙaramar sensa, wato farantin da ke kama haske a cikinta, da gilashin da take zuwa da shi, wanda ke zuƙowa daga milimita 18 zuwa 55. Ya yi sammako ya je bakin wani tafki don ɗaukar fitowar rana, ya ga abin da ya ce bai taɓa ganin irinsa ba, ya dawo ya buɗe hotunan a kwamfuta ya tarar da wani abu dabam. Kusan rabinsu sama ta fito da ɗan launi amma ƙasa baƙi ƙirin, ba ka bambance dutse da ciyawa. A sauran ƙasa ta fito, sama kuwa fari fat kamar takarda. 'Yan kaɗan da suka faɗa tsakiya sun yi dishi-dishi, wasu da koren tabo zaune a ƙirjinsu.

Kyamarar lafiyarta ƙalau. Na san haka tun kafin in taɓa ta, domin duk wanda ya taɓa juya kyamara gabas da sassafe ya kwaso irin waɗannan hotuna, har da ni. Abin da ya sa na ga lamarin ya isa a rubuta shi ne kurakuransa sun jeru tsaf, kowanne da dalilinsa, kuma wajen gyara ni ma na tafka nawa.

Abin da hotunan farko suka faɗa

Kowane hoto da kyamarar zamani ta ɗauka yana tafe da shaidarsa a ɓoye: ƙarfe nawa aka ɗauke shi, yaya faɗin ƙofar da haske ya bi, tsawon wane lokaci ƙyauren ya tsaya a buɗe, ISO nawa, wato lambar da ke nuna yadda kyamara ke ƙarfafa hasken da sensa ta kama. Nan na fara dubawa. A ranar, rana ta ɓullo da ƙarfe 6:20. Hotonsa na farko 6:27 ne. Ya zo an riga an tashi.

Mutane da yawa sun ɗauka hoton fitowar rana yana farawa ne idan ta fito, alhali mafi yawan launin da ake yi wa sammako kafin nan yake zuwa. Masana sararin samaniya sun raba wayewar gari kashi uku, gwargwadon nisan rana a ƙarƙashin bakin sama, wato layin nan da sama ta haɗu da ƙasa: daga digiri 18 zuwa 12, daga 12 zuwa 6, sai daga 6 zuwa ɓullowarta. Na ƙarshen nan ne namu. Duniya na juya digiri 15 a awa guda, digiri ɗaya a minti huɗu ke nan, don haka kusa da layin da ya raba duniya arewa da kudu wannan kashi bai wuce minti ashirin da 'yan kai ba. Can nesa arewa ko kudu, inda rana ke hawowa a karkace, yana daɗewa fiye da haka. A wannan ɗan tsakani ne hasken rana ke dukan cikin gajimare daga ƙasa, ita kanta kuwa ba ta shigo hoton ta lalata shi ba. Hasken da ya taso daga bakin sama yana ratsa iskar da ta ninka ta tsakar rana kauri kusan sau 38. Iskar ta warwatsa shuɗi a hanya, ja da ruwan goro su tsira su iso. Shi ya ga wannan launi da idonsa yana tafe a hanya, kyamara na cikin jaka.

Na biyu, ya bar kyamarar a kan atomatik. Ma'aunin hasken da ke cikinta bai san abin da yake kallo ba. Aikinsa guda ne: ya tara hasken da ke gabansa ya mayar da shi matsakaicin toka-toka. In yaron ya ɗan ɗaga kyamara sama ta cika hoton, ma'aunin ya razana ya rage haske, ƙasa ta nutse. In ya ɗan sunkuyar da ita duwatsu suka cika, ma'aunin ya buɗe, sama ta ƙone. Rabuwar hotunan gida biyu ke nan: hannunsa ne ke hawa da sauka, kyamara na bin sa.

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A nan kam ido ne ya yaudare shi. Idan mutum ya dubi sama ƙwayar idonsa ta tsuke, ya dubi ƙasa ta buɗe, ƙwaƙwalwa ta ɗinke su wuri guda ta ce masa abu ɗaya ya gani. Kyamara sau ɗaya take buɗewa, da awo ɗaya, kuma dole wannan awo ya ɗauki mafi haske da mafi duhu tare. Masu hoto na ƙirga haske da mataki, kowane mataki ninki biyu ne ko rabi. Daga 1/60 na sakan zuwa 1/30 an ƙara mataki guda. Daga ƙofar f/8 zuwa f/11 an rage guda. Daga ISO 100 zuwa 200 an ƙara guda. Sensa mai kyau a yau tana iya riƙe mataki 12 zuwa 14 a mafi ƙarancin ISO ɗinta, amma wannan lissafin takarda ne, domin matakan can ƙasa cike suke da yashi-yashi. Shi kuma ya ƙara tsuke wa kansa hanya da ya ɗauka a JPEG, tsarin ajiye hoto da kyamara ta riga ta sarrafa ta matse, wanda ke ajiye hawa 256 kacal na kowane launi, maimakon RAW, ɗanyen abin da sensa ta kama, mai ajiye 4,096 ko 16,384. Abin da JPEG ya zubar ya zubu.

Sauran ƙananan laifuka ne. Daidaiton launi na atomatik ya ga ruwan goro ya ɗauka kuskure ne, ya wanke shi. Dishi-dishin kuwa rawar hannu ce, domin ya zuƙo zuwa milimita 55 yana riƙe da kyamara a hannu, ƙyaure na buɗe 1/15 na sakan.

Akwai wanda ya fi ba shi haushi. A tsakiyar ruwan akwai wani busasshen itace, kuma a watan Maris, lokacin ba shi da kyamara, ya taɓa ganin rana ta ɓullo daidai bayansa. Wannan hoto ne ya kai shi. Sai ga shi a ƙarshen Nuwamba ta fito can gefen dama, bayan wani tudu. Ya ɗauka gabas wuri guda ce. Rana na fitowa daga gabas sak ne kawai wajen 20 ga Maris da 23 ga Satumba. Daga nan ta karkata arewa har Yuni, ko kudu har Disamba. A ƙarshen Nuwamba ta gusa kudu fiye da digiri 20. In ka miƙe hannu ka dunƙule shi, faɗin dunƙulen kusan digiri 10 ne a sama, dunƙule biyu ke nan. Gilashinsa a milimita 18 yana ganin faɗin digiri 66 ne, saboda haka rana ta ƙaura da kusan sulusin hoton.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Na ce masa kafin mu sake yin sammako sai mun je wurin da rana. Muka je da yamma, muka buɗe PhotoPills, ɗaya daga manhajojin da ke zana layin fitowar rana a kan taswira, muka ga inda za ta ɓullo. Itacen ba zai samu rana a bayansa ba sai Maris, wannan ya wuce. Amma mun sami wasu duwatsu uku a bakin ruwa da suka jeru suna jan ido zuwa itacen, shi kuma zai tsaya a hagu baƙi a kan sama mai launi. Ya ɗauki hoton gwaji da waya, muka lura da inda ƙafafun abin ɗora kyamara za su zauna, da hanyar da za mu bi cikin duhu ba tare da mun zame ba. A daren ya cika batir, ya share katin ajiya, ya mayar da kyamara kan RAW, ISO 100, daidaiton launi a kan hasken rana, wato wajen Kelvin 5,500 a ma'aunin launin haske, don kada ta sake wanke masa ruwan goro. Duk abin da za a iya yankewa da daddare, na ce masa, kada ya bar shi sai asuba.

Safiya ta biyu

Ƙarfe 5:30 muna bakin ruwa. Ya kafa ƙafa-uku, na hana shi zaro sandar tsakiya, don ita ce ke fara rawa in iska ta kaɗa. Ya kashe mai hana rawa na gilashin, wanda a wasu gilasai yakan ƙirƙiro motsi in kyamara na zaune daram, ya sa jinkirin sakan biyu don yatsansa ya bar jikinta kafin ƙyaure ya buɗe.

Matsala ta farko saiti ce, wato daidaita gilashi a kan nisan da zai fito da kaifi. Cikin duhu kyamarar ta yi ta kai da kawowa ba ta sami abin kamawa ba. Na haska dutsen tsakiya da tocila, kamar mita uku daga gare mu, ta kama, ya mayar da saitin na hannu ya bar shi nan. A milimita 18 da ƙofar f/8 a kan ƙaramar sensa, lissafi ya ce in ka saita a mita biyu, komai daga mita ɗaya har ƙarshen gani zai fito da kaifin da ido zai yarda da shi. Ni nakan ɗan wuce wannan, domin in aka gaza ko da kaɗan, tudun nesa ne ke biya.

Da ya ɗauki na farko ya dubi allon ya ce, "Kawu, ya yi!" Na ce ya buɗe histogiram. Wannan zane ne mai kama da tsauni, hagunsa duhu, damansa haske, tsawonsa a kowane wuri yana nuna yawan ɗigon hoton da ke da wannan haske. Tsaunin nasa ya takure a hagu, rabin dama ba kowa. Hoton ya gaza da kusan mataki biyu, amma allo mai haske cikin duhu, ga idon da ya saba da duhun, sai ya ga kamar ya cika. Ka'idar da na ba shi gajera ce: ya ƙara haske har tsaunin ya kusanci bangon dama, kada ya jingina da shi. Abin da ya nutse a hagu ana iya tono wani abu daga cikinsa. Abin da ya ƙone a dama babu komai a wurin, fari ne kawai. Na kuma nuna masa zanen mai launi uku, domin da asuba ja ne ke fara ƙonewa. Sai ka ga zanen gaba ɗaya lafiya, amma gajimaren da ya kamata ya fito da zare-zare ya zama shafaffen ja kamar fenti. Zanen daga ƙaramin JPEG ɗin da kyamara ke haɗawa don nuni yake fitowa, saboda haka RAW na da ɗan sarari a bayansa. Ban so ya dogara da wannan sarari ba tukuna.

Ga inda na yi nawa kuskuren. Na sa shi ya riƙe komai da hannu, shi zai zaɓi ƙofa, shi zai zaɓi saurin ƙyaure, saboda haka na koya kuma haka na saba. Na manta cewa hannuna ya shekara yana juya wannan maɓalli ba tare da na yi tunani ba. Dubi yadda hasken ya gudu a ƙofar f/8: ƙarfe 5:56 sakan 20 hoton ke buƙata, 6:08 sakan biyu, 6:19 kuwa 1/5 na sakan. Ninki ɗari ke nan cikin minti 23. Kusan kowane minti uku da rabi haske na ninkawa. Daga 6:08 gajimare ya kama wuta, ja ya bi cikinsa har ya sauko kan ruwa, ni na koma kan tawa kyamarar, shi kuma ya shagala da gyara zaman duwatsu a hoton yana ta dannawa a kan sakan biyu har 6:15. Ya daina duba zanen. Hotunan farkon wannan jeri sun tsira, na ƙarshen sun wuce da mataki biyu, kuma a cikinsu ne launin ya kai ƙarshen kyansa. Mintunan da muka yi wa sammako su ne suka ƙone, ina tsaye taku biyar daga gare shi.

Da rana ta leƙo na sa shi ya auna wuri biyu da ma'aunin ɗigo, don ya ga girman abin da lamba. Sama a gefen rana, ita ranar ba ta cikin awon: 1/250. Fuskar dutsen da ke kallonmu: sakan ɗaya cur. Ƙirga: 1/2, 1/4, 1/8, 1/15, 1/30, 1/60, 1/125, 1/250. Mataki takwas, ninki 256, kuma ba a sa ƙwayar ranar a lissafi ba. Ya yi shiru yana kallon lambobin, sannan ya ce, "To ai ba yadda za a yi su shiga hoto ɗaya." Daga wannan magana na san ya daina zargin kyamara.

Muka ɗauki uku-uku ba tare da motsa ta ba: 1/60 don sama, 1/15 na tsakiya, 1/4 don duwatsu, tazarar mataki biyu-biyu. Lokacin kaɗan ne. Faɗin rana a sama rabin digiri ne, cikin minti biyu da 'yan kai ta gama fita. Wani abin mamaki ma, ranar da kake gani tana taɓa bakin sama ba ta kai nan ba tukuna. Iska ce ke lanƙwasa haskenta da kusan rabin digiri ta ɗago maka ita.

Koren tabon ya dawo. Na karɓi kyamarar na haska gabanta, sai ga wata filta ta kare gilashi da ya ɗaura tun ranar da ya samu kyamarar, da shatin yatsa a kanta. Duk fuskar gilashi da aka ƙara wuri ne da haske zai yi tsalle ya dawo, in kuma akwai maiƙo ko ƙura abin ya ninka. Muka cire ta, tabon ya ragu amma bai tafi ba. Na nuna masa dabarar yatsa: a ɗauki ɗaya yadda yake, a ɗauki na biyu da yatsa ya rufe rana daga gaban gilashi. Na biyun ƙasarsa za ta fito tas, sai a haɗa daga baya. Ya kuma gwada f/16 don rana ta fito da tsinke-tsinke kamar tauraro. Yawan tsinken daga fukafukan ƙofar gilashin yake: in adadinsu ya rabu biyu daidai, tsinken daidai da su ne, in bai rabu ba ya ninka, nasa fukafukai bakwai ne, tsinke 14. Kyan abin ya fi fitowa in rana ta ɗan ɓuya a gefen tudu ko reshe. Ana biyan sa da ɗan raguwar kaifi, saboda ƙofa in ta tsuke da yawa haske na bazuwa a bakinta. Abu guda na ja masa kunne a kai da gaske: kada ya kuskura ya zuƙo rana yana leƙa ta tagar ido ta irin kyamarar nan mai madubi. Gilashi tara haske yake yi, kuma ido ba a sake shi. Ya yi amfani da allo.

Wajen 6:10, ina cikin nawa aikin, na waiwaya yamma na ga inuwar duniya shuɗiya kwance a bakin sama da ɗamarar ruwan hoda a kanta. Can hasken lallausa ne, hoto ɗaya ya ishe shi. Ban ko tuna in ce masa ya juya ba.

A gaban kwamfuta

Uku-ukun sun haɗu a Lightroom, manhajar gyaran hoto, sai dai ruwa da ciyayin baki sun motsa tsakanin ɗauka da ɗauka, suka bar wata inuwa biyu-biyu da sai da muka bi da hannu. Haɗa hotuna don sama da ƙasa su fito tare ba sabon abu ba ne, ba kuma ha'inci ba ne. Tun shekarun 1850 Bafaranshen nan Gustave Le Gray yake ɗaukar teku a faranti ɗaya, sama a wani, ya buga su a takarda guda, saboda kayan aikin zamaninsa sun kasa riƙe su tare. Matsalar da ta sa yaro ya ce kyamara ba lafiya ta girmi kakanninsa.

Ya tambaye ni filtar nan mai duhu a sama, garau a ƙasa, wadda ke rage wa sama mataki biyu ko uku tun a wurin ɗauka. Tana aiki sosai in bakin sama miƙaƙƙe ne kamar na teku, har akwai wadda aka yi musamman don fitowar rana, da duhunta ya fi yawa a tsakiya inda hasken ya fi ƙarfi. A hotonsa kuwa itacen ya tsallaka layin, tudun ma haka, filtar za ta baƙanta rabinsu na sama ta bar na ƙasa. Filtar kashe ƙyalli ma ba ta da amfani a nan, domin ƙarfinta na inda rana take a gefenka, ba a gabanka ba. Na ce ya bar su tukuna.

Inda muka yi gardama shi ne inuwa. Da ya ga RAW na ba shi damar tono duhu, sai ya ja maɓallin har ƙarshe. Duwatsu suka fito fes kamar da hantsi, kowace ciyawa a bayyane, sama kuma ja wur. Ya ce, "Kawu, ai yanzu komai ya fito." Na ce shi ne laifinsa. Ƙasar da ta kai sama haske, alhali rana na bayanta, ba a taɓa ganinta a duniya ba, kuma mai kallo na jin ƙaryar ko bai san sunanta ba. Haka nan hoton sama a cikin ruwa dole ya fi ita saman duhu. Asuba da duhunta ake gane ta. Ga kuma yashi-yashin da ya taso a duwatsun, mai launin kore da shunayya. Bai yarda nan take ba. Na ce ya ajiye biyun, nasa da nawa, ya duba bayan kwana biyu. Da ya dawo ya zaɓi wani na uku, tsakanin nawa da nasa, ya fi nawa haske da kusan rabin mataki. Da na sake dubawa na ga nasa ya fi. Ni na saba danne inuwa fiye da kima.

Amma ko bayan wannan wahala, haɗaɗɗen hoton bai kama ni ba. Daidai ne, ba abin da ya ƙone, ba abin da ya nutse, sai dai gajimaren ya riga ya koɗe kafin rana ta fito. Hoton da ya fi duka a ranar shi ne na 6:09, ɗauka ɗaya, wanda ya tsira da ƙyar kafin haske ya wuce shi.

Safiya ta uku

Bayan mako guda ya koma shi kaɗai. Na sauya masa tsari: ya riƙe ƙofa a f/8 da ISO 100, ya bar kyamara ta riƙa zaɓar saurin ƙyaure tana bin haske, shi kuma ya rage mata mataki ɗaya da maɓallin gyaran awo, ya duba zanen bayan kowane hoto uku. In ja ya taɓa bango ya ƙara ragewa. Na ce ya rufe tagar ido da ɗan murfinta, don hasken da ke shiga ta baya na iya rikita ma'aunin in fuska ba ta wurin. Masu cewa sai wanda ya riƙe komai da hannu ne mai hoto na gaske ba su tsaya kusa da sabon hannu a minti bakwai ɗin nan ba. Gara hankalinsa ya tafi kan zanen da zaman hoton, na'ura ta yi ƙirgan da ta fi shi iyawa.

Daren ya kwana garau ba iska, sanyi ya sauka, ruwan ya fi iskar da ke kansa ɗumi, sai tururi ya kwanta a fuskar tafkin. Irin wannan dare ne kuma ke kawo raɓa. Ya ce wajen ƙarfe shida ya ga hotuna sun fara laushi, ya zaci saiti ne ya goce, ya sake saitawa har sau biyu, sannan ya tuna ya haska gaban gilashin. Ya jiƙe sharkaf. Gilashin da ke fuskantar buɗaɗɗiyar sama yana zubar da zafinsa ya fi iska sanyi, danshi ya kwanta a kai. Ya goge da ƙyallen gilashi, ya ɗaura hular gilashin da ya bari a jaka, ya riƙa dubawa. Hotuna tara suka tafi a haka.

Rana ta fito 6:23 a ranar. Hoton da ya turo mini na 6:12 ne, minti 11 kafin nan: f/8, ISO 100, sakan 1.3, ɗauka ɗaya. Gajimare siriri ne a can sama, bakin gabas a buɗe, irin haɗin da ke ba haske hanya ya doki cikinsa. Itacen baƙi ne, ya bar shi baƙi. Tururin ya ɗauki ruwan hoda, duwatsu uku sun fito iya yadda za ka san duwatsu ne. Ja ya tsaya dab da bangon dama bai taɓa ba. Ya ɗauki uku-uku bayan fitowar rana, bai ma buɗe su ba sai washegari.

Da saura. Bakin sama ya karkace kaɗan, kuma da ya miƙe shi a kwamfuta gefen dutsen farko ya yanke, saboda bai bar sarari a gefuna ba. Kusurwar hagu ta ƙasa ma da ɗan laushin raɓar da bai goge sosai ba. Na nuna masa ma'aunin daidaito da ke cikin kyamarar, wanda bai san da shi ba. Shi kuma ya buɗe manhajar ya ja kwanan wata gaba yana kallon layin rana na matsowa hagu a kan taswira, har ya hau kan itacen a mako na uku na Maris. Ya ce in ajiye masa ranar, kuma wannan karon in bar tawa kyamarar a gida.